Hancin Kyarketai da Ƙwan Tasalla

A wani daji da ke kwance tsakanin duwatsu biyu, wanda tafki ɗaya tak ke shayar da shi idan ruwan sama ya yi jinkiri, an taɓa yin wata shekara da sata ta ragu amma tsoro ya ƙaru. Abin ya ɗaure wa kowa kai, har da ni mai ba ku labarin, don haka bari in ɗauko shi daga tushe.

Satar da ta addabi dajin ita ce ta ƙwai. Majalisar daji, wadda ke zama a gindin wata tsohuwar kuka ƙarƙashin Magajiya Ɓauna, ta gaji da koke-koken tsuntsaye, sai ta kira kyarketai, wato karnukan daji, ta ba su aikin tsaro, ta naɗa babbansu Korau ya zama Sarkin Tsaro. Kyarketai ba su da wata dabara sai ta hanci, amma hancin nasu ba na wasa ba ne. Suka ce tunda duk mai rai dole ya sha ruwa, kullum da safe za su tare hanyar tafki, duk wanda zai wuce su sunsuni bakinsa. Wanda aka ji ƙarnin ƙwai a bakinsa a jefa shi rami kwana uku ba ruwa. Wanda kuma aka yi wa sata ya zo gindin kuka ya ajiye tsakuwa ɗaya, ya faɗi ƙararsa.

A shekarar farko tsakuwar da aka tara ta kai gwiwar barewa. A shekara ta uku kuwa guda biyu kacal aka ajiye, har Korau ya fara tafiya yana ɗaga wutsiya yana kallon kowa ɗaiɗai. Sai dai a wannan shekarar ce fakaru suka daina kukan asuba, zomaye suka koma cin ciyawa a bakin rami, masu zuwa tafki kuma su kurɓa sau biyu su juya da gudu kamar an biyo su. Magajiya ba ta cika lura da ƙananan abubuwa ba, amma ta lura da wannan, saboda belbelun da ke cire mata kaska sun koma yin aikin rabi da rabi, ido na can wajen sheƙarsu. Ƙaiƙayi ya dame ta, sai ta tambayi majalisa ko akwai wanda zai binciko mata abin da ke tsorata talakawa alhali ɓarayi sun ƙare.

Baba Nomau ne ya karɓi aikin. Tsohon kunkuru ne wanda tambaya ta zame masa ciwo. Ba ya iya ganin tururuwa ta canza hanya bai tsaya ya ji dalili ba. Ba shi da ƙwai, ba shi da sheƙa, gidansa na bayansa, saboda haka tsoro a wurinsa abin kallo ne kawai, irin yadda mu muke kallon kifi yana numfashi cikin ruwa. Ya yi kwanaki yana bin ramuka da sheƙuna yana tambaya ɗaya: wa ya ga ɓarawo da idonsa bana? Babu ko ɗaya. Kurege ya ce a bakin zomo ya ji, zomo ya ce fakara ce ta faɗa masa, fakara kuma ta rufe bakinta ta nuna masa wata sarƙaƙiya da ke gabas da tafki, ta ce idan tsoro yake nema ya je can, zai same shi a kwance.

A cikin sarƙaƙiyar wata zabuwa ce mai suna Tasalla, tana kwance a kan ƙwai goma sha biyu. Kwananta goma sha huɗu a kansu, saura goma sha huɗu su ƙyanƙyashe, kuma a duk tsawon lokacin sau biyu kaɗai ta je tafki. Raɓar da ke sauka a ganyen da ke kusa da bakinta take lasa. Ruwan farko ya sauka ya ɗauke, rana ta dawo da ƙarfinta, ga Tasalla ta rame har ƙashin ƙirjinta ya fito, idanunta sun faɗa. Ko wanda bai san kiwon lafiya ba ya san ba za ta kai ƙarshen kwanakin a haka ba, kuma idan ta mutu ƙwan ma sun mutu.

Baba Nomau ya gaishe ta, ya yi mata sannu da zama, sannan ya tambaye ta me ya hana ta zuwa shan ruwa, tunda tafkin ba shi da nisa kuma ga jami'ai a hanya. Ya ƙara da cewa tsakuwa biyu ce kawai a gindin kuka bana.

"Na ji, Baba," in ji ta. "Ta bara ma da na ajiye tana can cikin waɗanda aka share."

Ta ba shi labari a hankali, don maganar ma wahala take ba ta. Bara an ɗauke mata ƙwai uku, ta ruga ta ajiye tsakuwa. Abu na farko da aka yi shi ne aka sunsuni bakinta, sannan aka zaunar da ita ana tambayar sunayen maƙwabtanta tun hantsi har azahar. Aka tattaro maƙwabtan duka, kurege da bushiya da wata tsohuwar fakara, aka yini ana sunsunarsu a rana. Ba a sami kowa ba. Da ta koma ta tarar da sauran ƙwan tara babu ko ɗaya, maƙwabtan kuma har yau ba wanda ke amsa gaisuwarta.

Baba Nomau ya miƙo wuya, don ya ji an zo wurin da yake so. Ya ce to ai wannan tsoron kyarketai ne, ba tsoron ɓarawo ba.

"A'a, Baba, ɓarawon nake tsoro," in ji Tasalla. "Da can ma akwai ɓarayi, kuma ina zuwa tafki. Amma da can ina ganin idan abu ya same ni akwai inda zan kai kuka. Yanzu na san babu. Idan ya zo, daga ni sai shi. Ka je bakin tafki da safe ka zauna, kada ka tambayi kowa komai, ka yi kallo kawai."

Rashin tambaya abu ne mai wuya a wurin Baba Nomau, amma ya daure. Safiya uku ya yi a gefen hanyar tafki kamar dutse, ba wanda ya kula da shi. A safiyar farko ya ga an sunsuni zomo, an sunsuni kurege, an juya bushiya an sunsuna, an tsayar da barewa ƙarama an sunsuna. Magajiya Ɓauna ta zo, jami'ai suka rusuna suka ce ranki ya daɗe, ta wuce. Gwanki ya wuce, raƙumin dawa ya wuce, jimina ta wuce. A safiya ta biyu ya ga abin da ya fi ba shi sha'awa. Arzika, wani gwaggon biri da ke cikin manyan majalisa, ya taho da ƙafa huɗu kamar yadda ya saba, amma da ya kusa jami'ai sai ya miƙe a kan ƙafa biyu, ya wuce su yana gyara murya, suka gaishe shi. Da ya ba su baya ya koma kan huɗunsa. Duk ƙananan da ke layi sun gani, kowa ya sunkuyar da kai. A safiya ta uku birai bakwai ne suka yi haka a jere.

Nan haƙurin Baba Nomau ya ƙare. Ya lallaɓa wurin wani kyarkeci mai furfura a haɓa, mai suna Cindo, wanda ya ga alamar yana da sauƙin kai, ya tambaye shi ko toshiyar baki manya ke bayarwa. Cindo ya ji haushin tambayar sosai. Ya rantse bai taɓa karɓar ko ƙashi daga kowa ba, ya ce ai abin a fili yake: bakinsu ya yi sama.

"A wurinmu, Baba, kyarkeci ba ya ɗaga hancinsa zuwa bakin wani," in ji Cindo. "Ɗan kwikwiyo ne ke yin haka ga uwarsa idan yana roƙon abinci, ko wanda aka ci da faɗa idan ya zo yin mubaya'a. Wanda ya yi haka a bakin aiki, garke ba zai ƙara cin abinci da shi ba. Duk bakin da ya zo daidai hancinmu ko ƙasa da shi, muna sunsunarsa ba sani ba sabo. Wanda ya fi haka kuma ba laifinmu ba ne."

Baba Nomau ya daɗe yana juya maganar. Abin da ya ba shi mamaki shi ne Cindo bai san yana zalunci ba, kuma da gaske yake ganin kansa adali. Ya kama hanyar gindin kuka, ya isa washegari da hantsi ana cikin zama.

Da ya gama bayanin abin da ya gani, Korau ya miƙe, ya gaida Magajiya, ya yi jawabi ba tare da fushi ba, don ya san hujja na hannunsa.

"Ranki ya daɗe, manyan majalisa, ku dubi gindin kukar nan. Tsakuwa biyu. A shekarar da aka ba mu aikin nan tulin ya kai gwiwa. An ɗauke mu ne mu rage sata, mun rage ta. Ba a ɗauke mu mu yi wa kowa rarrashi ba. Tsoro a cikin ƙirji yake, hancinmu kuma ba ya shiga ƙirji. Game da manya, ina tambayar Baba Nomau da girmamawa: yaushe ɓauna ta fara cin ƙwai? Yaushe gwanki ya fara? Mu ɓata safiya muna sunsunar bakin da ba ya cin komai sai ciyawa, don kawai zabuwa ta ji daɗi? Aikin tsaro aikin hankali ne, kuma mun fi kowa sanin inda ɓarawo ke fitowa. Shawarata ita ce a ƙara sunsuna sau biyu a rana, safe da yamma. Idan talakawa suka yawaita ganinmu, hankalinsu zai kwanta."

Manya suka gyaɗa kai, Arzika har da tafi. Baba Nomau ya jira aka yi shiru, sannan ya yi magana a hankali yadda sai an kasa kunne.

"Ranki ya daɗe, Sarkin Tsaro ya yi gaskiya, ɓauna ba ta cin ƙwai. Amma zomo ma ba ya ci, kuma shekara uku ke nan ana sunsunarsa kullum. Ni ban zo da amsa ba, da tambaya na zo, don abin ya fi ƙarfin kaina. Na ga zabuwa da ke shirin mutuwa da ƙishirwa alhali tana hango ruwa. Ba ta ga ɓarawo ba bana. Abin da ta gani shi ne wanda ake tsayarwa da wanda ake gaisarwa, kuma daga nan ta yanke wa kanta hukuncin wanda za a saurara idan rana ta ɓaci. Ina so in san ko kallon nan ne ke haifar da tsoron. Ban ce kyarkeci ya ɗaga hanci ba, kowa da al'adarsa. Na ce mu gwada kwana bakwai: duk wanda bakinsa ya yi sama ya sauko da shi da kansa. Kuma wanda ya kawo ƙara a fara jin ta bakinsa kafin a sunsuni bakin. Idan ba a ga canji ba, ni ne na ɓata muku lokaci, kuma kun san ba wannan ne karo na farko ba."

Gwanki ya ce wannan wulaƙanci ne ga masu mutunci. Raƙumin dawa ya ce shi sunkuyawa ɗaya ma don shan ruwa da ƙyar yake yinta. Amma Magajiya, wadda kaska ke ci a bayan kunne a daidai lokacin, ta ce kwana bakwai ba sa kashe kowa, kuma ita za ta fara.

Haka kuwa aka yi. Washegari da safe Magajiya Ɓauna ta zo bakin hanya, ta tsaya a bayan kurege, da layi ya zo kanta ta sauke kanta har ƙahonninta suka taɓa ƙasa, Cindo ya sunsuni bakinta. Ƙananan dabbobi suka yi cirko-cirko suna kallo. Gwanki ya bi yana tsaki, raƙumin dawa ya baje ƙafafu ya sauko da wuyansa mai tsawo, wani ɗan tsuntsu ya kasa riƙe dariya. Ba a sami ƙarni a bakin kowa ba, kamar yadda Korau ya faɗa. Arzika dai bai zo ba; ya aiko cewa mura ta kama shi, kuma abin mamaki murar ta kama duk danginsa a rana ɗaya, suka koma shan ruwan da ya taru a kogon itace.

Labari ya kai wa Tasalla, ba ta yarda ba. A rana ta biyu ta fito bakin sarƙaƙiya ta leƙa da kanta, ta ga Magajiya a sunkuye. Ta daɗe tana kallo, sannan ta rufe ƙwanta da busasshen ganye, ta tako tana tangaɗi har bakin tafki. An sunsune ta kamar yadda aka sunsuni wadda ta fi ta sau dubu, ta sha ruwa har sai da maƙogwaronta ya yi nauyi, ta tsaya ta yi wankan ƙasa, ta caccaki 'yan tsaba. Baba Nomau yana gefe, daɗi ya cika shi, ba don tausayi kaɗai ba, har da daɗin wanda tambayarsa ta fara samun amsa.

A rana ta huɗu aka sace mata ƙwai ɗaya tana tafki. Baba Nomau ya ce shi ke nan, gwaji ya lalace. Amma Tasalla ta ɗauki tsakuwa a bakinta ta kai gindin kuka. Cindo ne ya karɓi ƙarar. Ya saurare ta har ta gama, ya bi ta zuwa sarƙaƙiya nan take, bai taɓa maƙwabcin kowa ba, ya sa hanci a ƙasa ya bi sawu har gindin wani dogon itacen marke. A nan ya tsaya. Ya dawo ya gaya mata gaskiya, cewa sawun ya hau sama, shi kuma iyakarsa ƙasa, amma zai riƙa zagayawa ta wajenta duk lokacin da ta tafi shan ruwa.

Washegari Baba Nomau ya tarar da ita a bakin tafki kamar ba abin da ya faru. Ya kasa haƙuri, ya ce mata bai gane ba: lokacin da ba a taɓa mata komai ba tana kwance tana mutuwa, yanzu da aka yi mata satar gaske ga ta tana yawo.

"Na yi kukan ƙwaina, Baba, har yanzu ina jin zafinsa," in ji ta. "Amma na faɗa an ji, an zo an duba, an gaya mini abin da aka iya da abin da ba a iya ba. Ɗaya aka ɗauka, kuma ɗayan nake wa baƙin ciki. Da can kullum sai in ji kamar an riga an kwashe goma sha biyun."

Ba ita kaɗai ba ce. Fakaru suka dawo da kukan asuba, zomaye suka yi nisa da ramukansu, belbelu suka share wa Magajiya jiki tas. Sai dai wani abu ya biyo baya wanda Baba Nomau bai hango ba. Da aka ga an saurari Tasalla, sai masu tsakuwa suka fara fitowa. Kurciya ta kawo ta bana, fakara ta kawo ta bara da ta bara waccan, wata agwagwar ruwa ta kawo huɗu a jere. Duk satar da aka haɗiye a shekarun nan aka amayo ta cikin kwana uku. Ranar da majalisa ta zauna duba gwaji, tsakuwa ashirin da tara ce a gindin kuka.

Arzika ya warke ranar, ya zo da wuri. Shi ya fara magana, da murya irin ta mai jimami.

"Ranki ya daɗe, ni ba na son in ce na faɗa, amma ku duba da idonku. Shekara guda muna da tsakuwa biyu. Kwana bakwai da muka bi shawarar kunkuru muna da ashirin da tara. Manya sun zubar da girmansu a ƙasa, ɓarayi sun ga babu sauran wanda ake jin kunya, sai suka fito fili. Ina tausayin ƙananan 'yan'uwanmu, don su abin ke ci. Saboda su nake roƙon a koma tsarin da ya kawo mana zaman lafiya."

Baba Nomau ya ce tsakuwar nan yawancinta tsohuwa ce, sabuwa guda ɗaya ce tak, kuma a fita a ga yadda talakawa ke walwala. Gwanki ya ce walwala ba a auna ta, tsakuwa kuwa ga ta kowa na gani. Korau ya tsaya tsuru-tsuru, don tulin nan a kansa yake ko ta wace hanya aka bi. Magajiya kuma ƙaiƙayinta ya warke, wuyanta ne yanzu ke ciwo saboda sunkuyo. Ta yanke hukunci a taƙaice: an gode wa Baba Nomau, an soke gwaji, kowa ya koma tsayinsa. Sannan ta juya ga Korau ta ce tunda ɓarayi sun yi yawa haka, tana so ta ga an kama su kafin zama na gaba, in ba haka ba a nemi wani Sarkin Tsaron.

Na so a ce wani ya tsaya ya sake tunani a nan, amma rana ta yi zafi kuma kowa na son inuwa. Washegari birai suka dawo tafki a kan ƙafa biyu, aka ɗauke Cindo daga zagayen sarƙaƙiya aka mayar da shi bakin hanya. Tasalla ta leƙo sau ɗaya, ta gani, ta koma kan ƙwanta. Saura kwana uku su ƙyanƙyashe, ta ce wa Baba Nomau za ta iya. Ta iya kuwa, da raɓa da taurin rai. A yammacin rana ta uku ƙwan suka fara tsagewa, kafin faɗuwar rana 'ya'ya goma sha ɗaya sun fito, duk da ransu, suna 'yan koke-koke a ƙarƙashin fikafikanta.

Yanzu babu sauran abin da za a sata a sheƙa, 'ya'ya kuma na bukatar ruwa. Da gari ya waye ta jera su a bayanta ta nufi tafki, tana takawa da ƙyar amma kanta a sama. Baba Nomau ya riga ta zuwa don ya gani. Ta shiga layi a bayan zomo. Aka sunsune ta, aka ce ta wuce. Cindo ya sunkuya kan ɗan farko, ya ja numfashi, sai ya daskare. Ya ɗago ya dubi Tasalla, ya buɗe baki zai ce su wuce, amma Korau yana tsaye a bayansa, kwana uku bai runtsa ba yana neman wanda zai kama. Ya ture Cindo ya sunsuna da kansa. Ya sunsuni na biyu, ya sunsuni na uku, har na goma sha ɗaya. Ƙarnin ƙwai ne, ba a baki kaɗai ba, har jiki duka.

"Ranka ya daɗe, jiya suka fito daga cikinsa," in ji Tasalla.

Korau ya tambaye ta ƙwai nawa ta bari a sheƙa shekaranjiya, ta ce goma sha ɗaya. Ya tambaya yau nawa suka rage, ta ce babu, sai ɓawo. Ya tambaya wa ya fasa su. Tasalla ta juya ta dubi 'ya'yanta.

"Kun ji dai," in ji Korau ga jami'ansa. "Ƙwai goma sha ɗaya sun ɓace, ga mutum goma sha ɗaya da ƙarni, kuma mai ƙwan ba ta musa ba. A kai su rami."

Baba Nomau ya yunƙuro da duk saurin da Allah ya ba shi, yana cewa a tsaya, ai duk tsuntsun da ke dajin nan haka ya zo duniya, a tambayi jimina, a tambayi kowa. Korau ya amsa masa da ladabi cewa duk mai ƙorafi ya kai gindin kuka, majalisa za ta zauna nan da kwana bakwai. Baba Nomau ya ce hukuncin ai na kwana uku ne, kuma jinjirin jiya ba ya kai ko biyu ba ruwa. Masu layi suka sunkuyar da kai, Cindo ya juya baya yana kallon ƙasa, Arzika ya wuce a tsaye yana yi wa jami'ai sannu da aiki.

Aka kora 'ya'yan gaba, suna tafe suna faɗuwa suna kiran uwarsu. Tasalla tana taku biyar da ruwa, an riga an ba ta izinin sha. Ta dubi tafkin sau ɗaya, ta juya ta bi su. Da aka zuba su a rami ta kwanta a bakinsa, ta baje fikafikanta ta rufe shi gwargwadon iyawarta don rana kada ta same su.

Da yamma hankaka mai shela ya zagaya daji da sanarwar majalisa, cewa tun da aka kafa tsaro ba a taɓa kama ɓarayi da yawa haka a safiya guda ba, saboda haka daga yau kowa na iya sakin jikinsa.